Yaushe ya kamata ɗalibin fiyano ya fara taɓa kiɗan ƙarni na 20 zuwa yau?

Malama_Fiyano ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai, ina neman shawararku.

Yara nake koya wa fiyano, yawancinsu 'yan firamare da 'yan ƙaramar sakandare. Ina da wata ɗaliba mai shekara 11, yarinya mai ƙwazo, hannunta da taushi, karanta takardar kiɗa kuma ba ya ba ta wuya. Ta wuce ƙananan kiɗe-kiɗen Burgmüller da dama, tana kaɗa sonatina ta farko ta Clementi ba gargada. Ganin haka na ce bari in buɗe mata wata ƙofa. Na ɗauko littafi na 4 na Mikrokosmos, jerin kiɗe-kiɗen koyon fiyano na Bartok, mai tsara kiɗa ɗan Hangare, na zaɓa mata lamba 107, wanda hannu biyu ke danna maɓallai maƙwabtan juna a dunƙule, sannan wani siririn amo ya ratso daga cikinsu.

Da mako ya zagayo ta zauna ta kaɗa mini, sai na ji kiɗan ya canza. Duk inda sautuka biyu suka yi karo, ta ɗage yatsa ɗaya don abin ya yi daɗin ji. Da na nuna mata takardar sai ta ce, "Malama, ina jin kuskure aka yi wajen buga littafin." Da gaske take, har ta sa fensir ta kewaye wuraren. Bayan haka mahaifiyarta ta kira ni, cikin ladabi dai, ta ce tun da aka ba yarinyar wannan sabon kiɗa take jin kamar karatun ya koma baya, ko dai a mayar da ita kan na da.

A gefe guda ina da wani yaro mai shekara 7. Shi da ya hau kujera sai ya shimfiɗa tafin hannu a kan maɓallan ƙasa ya danna, ya kasa kunne har ƙarar ta mutu, fuskarsa cike da murna. Ni kuma in ce masa ya bari, ya lanƙwasa yatsu, ya nemo C ta tsakiya. Shi ne nake tambayar kaina: abin da nake hana wannan yaro, ba shi ne nake roƙon waccan yarinya ta yi ba?

Abin yana damuna domin ba na son in yaye ɗalibin da yake zaton rubutun kiɗan fiyano ya ƙare da Chopin, mai tsara kiɗa na ƙarni na 19. Schoenberg ya rubuta gajerun kiɗe-kiɗensa shida na fiyano tun 1911. Sama da shekara ɗari ke nan, amma har yau in yaro ya ji irinsu sai ya ɗauka ɓarna ce. Ga kuma masu tsara kiɗa da suke raye yanzu suna rubutu, yaranmu ba su taɓa sa hannu a aikin ko ɗaya daga cikinsu ba.

To a wane mataki kuke farawa, kuma da wane littafi? Yaya ake sa kunnen da ya saba da zaƙi ya karɓi tsami? Kuma me kuke gaya wa iyaye?

Dattijo_Mai_Kiɗa ya amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Amsata ga tambayarki ta farko gajeriya ce: a makon farko. Sauran ne ke buƙatar bayani.

Yarinyar nan ba ta yi laifi ba, hasali ma ta nuna miki tana da kunne. Duk abin da ta kaɗa tun da ta fara ya koya mata doka guda, cewa sauti mai tsami baƙo ne, dole ya wuce a dawo gida. A cikin Clementi kunnenta ne mai gadinta, da yatsa ya zame zai sanar da ita. Yanzu kin kai ta inda mai gadin yake ihu alhali ba ɓarawo. Faɗa ba zai gyara wannan ba, sai an nuna wa kunnen abin da zai riƙa aunawa da shi.

Rufe littafin tukuna. Sa ta taka fedar dama, wadda ke barin sauti ya daɗe yana amo, ta danna A ta tsakiya tare da baƙin maɓallin da ke samanta, a hankali, ta saurara har sautin ya ƙare. Tambaye ta me take ji a cikinsa. Za ta ce yana rawa ko yana karkarwa. Sai ki gaya mata dalili: tsirkiyar A tana kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, maƙwabciyarta kusan sau 466, tazarar da ke tsakaninsu ce kunne ke ji kamar kaushi. Ku gwada irin wannan haɗin can ƙasa, ku gwada can sama, ta ji yadda launinsa ke sauyawa. Daga ranar da yaro ya gane cewa wannan karkarwa abu ce da mai rubutun ya zaɓa da gangan, zai daina share ta.

Sannan ki kaɗa mata lamba 107 da kanki, ba takarda a gabanta, da irin kulawar da za ki ba wa Chopin. Da yawa daga cikinmu mukan kaɗa irin wannan kiɗa da ƙarfi da taurin hannu, sai yaro ya ɗauka dama haka aka yi shi, marar daɗi.

Game da littafin, ina ganin na 4 ya yi mata nisa a matsayin shiga. Bartok ya rubuta Mikrokosmos tsakanin 1926 da 1939, kiɗa 153 a littafi shida, biyun farko ɗansa Peter ya sadaukar wa. Hawa-hawa ya gina shi. Tun a littafi na 1 yaro ke haɗuwa da matakalar sauti da ba irin biyun nan da aka saba ba, wato major da minor, kuma hannun hagu yana da maganarsa, ba rakiya kawai yake wa na dama ba. Ki mayar da ita littafi na 2 da na 3, ki ce mata na gwajin karatu ne, guda biyu ko uku a mako. Za su yi wa yatsunta sauƙi ƙwarai, kuma abin da ake so ke nan. In abu sabo ne ga kunne, to ya zama mai sauƙi ga hannu. Ba a haɗa wa yaro wuya biyu a lokaci guda.

Shi kuwa yaron, don Allah kada ki kashe masa wannan abin. Akwai mutumin da ya zauna ya rubuta kiɗa saboda irinsa: Kurtag, ɗan ƙasar Hangare, wanda aka haifa a 1926. A 1973 ya fara jerin da ya kira Jatekok, bayan ya lura da yadda ƙananan yara ke ɗaukar fiyano abin wasa, su zagaye shi daga wannan ƙarshe zuwa wancan kafin a ɗaure su a maɓalli biyar na tsakiya. A littafi na farko akwai na tafin hannu, na dunƙulen hannu, na damtse, da na jan yatsa a kan maɓallai daga ƙasa zuwa sama. Har alamomin rubutun daban ne, da'ira da layuka, yaron da bai iya karatu ba ma zai bi. Akwai wani a ciki da ya yi don girmama Tchaikovsky, inda yaro ke kwaikwayon manyan bugun nan na farkon shahararren kiɗansa da tafin hannu zalla. Yara suna son sa sosai.

Sai dai ki sani, ba hayaniya ake nema ba. In ya danna tafi, ki ce ya sake yi yadda duk maɓallan za su sauka tare, ba wani ya riga wani. Ki ce ya yi a hankali har da ƙyar za a ji. Ki ce ya saki nauyin hannun daga kafaɗa, kada ya tura. Abin da muke shan wahalar koya wa 'yan shekara 15, wato sakin jiki da amfani da nauyin hannu, wannan yaro zai same shi cikin wasa.

Ga wani da za ki haɗa su biyun a kai: ɗaya ya danne maɓallai uku na ƙasa a hankali yadda gudumar da ke cikin fiyano ba za ta bugi tsirkiya ba, ya riƙe, ɗayan ya buga gajeren sauti mai ƙarfi a sama ya saki. Tsirkiyoyin da aka buɗe za su amsa da kansu. Lamba 102 a littafin da ke hannunki a kan wannan dabara aka gina shi.

Malam_Sikel ya amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma. Na ƙaru da bayaninku, amma ku yi mini afuwa, ban yarda da "makon farko" ba.

Darasi minti 30 ne ko 45 a mako. A cikinsa za a koyi zama, da yatsu, da karatu, da ƙidaya, ga jarrabawa na tafe. Yaron da bai riƙe ƙa'ida ba, me zai gane in an ce wane ya karya ta? Kuma abin da na fi tsoro shi ne wanda na sha gani a wurin taron ɗalibai: yaro ya hau ya kaɗa kiɗan zamani, rabin sautukan ba su ne a takarda ba, kowa ya tafa domin ba wanda ya gane, har malamin. A Mozart ba ka isa ka ɓoye ba. Yaro yana gane inda ba a kama shi, kuma sakaci in ya shiga hannu fitarsa da wuya.

Akwai kuma maganar kayan aiki. Ɗalibaina da yawa ƙaramin kibod suke da shi a gida. Ba tsirkiya a ciki, don haka dabarar danne maɓalli shiru ba za ta ba da komai ba a yawancinsu. Jan yatsa a kan maɓallai kuma yakan saluɓe wa yaro fatar gefen farce in ba a nuna masa da kyau ba.

Ni gada nake bi. Kabalevsky yana da tarin kiɗe-kiɗen yara masu ɗan yaji amma ba su bar gida ba. Prokofiev ya rubuta guda 12 don yara a 1935. Shostakovich ya rubuta wa 'yarsa Galina nata littafin. Stravinsky yana da guda takwas na 1921 waɗanda hannun dama ke zaune a kan maɓalli biyar. In ɗalibi ya ratsa waɗannan, kunnensa ya buɗe ba tare da ya firgita ba. Daga nan sai in kai shi Spectrum, tarin da Thalia Myers ta haɗa, hukumar jarrabawa ta ABRSM ta Ingila ta fara bugawa a 1996 da kiɗa 20 na masu rubutu da ke raye a lokacin. Malama, in rayayyun marubuta kike nema, can za ki duba, domin an ci gaba da fitar da wasu littattafan bayan na farko, wasunsu sun fi shi sauƙi.

Ummu_Amo ta amsa:

'Yar'uwa sannu da ƙoƙari. Kowa ya yi maganar tsamin sauti, ni kuwa a wurina ba nan ɗalibai suka fi faɗuwa ba. Ƙidaya ce.

Yaron da ya girma a kan bugu huɗu da bugu uku, in kin ba shi na bakwai, zai ƙara ɗaya ya mayar da shi takwas bai ma sani ba. Ya ɗan tsaya a ƙarshen kowane zagayen ƙidaya, shi ke nan kiɗan ya mutu. Ni ba na bari su taɓa fiyano sai jiki ya ɗauka. Muna tsayawa, muna tafi, muna faɗin "zo nan, zo nan, mu tafi", biyu da biyu da uku, ba numfashi tsakanin "fi" da "zo". Sai mun yi ta yi har sun fara dariya suna yi da kansu, sannan in buɗe lamba 113 na Mikrokosmos, wanda ke kan bugu bakwai irin na raye-rayen Bulgeriya. Haka nake yi da uku a kan biyu, inda hannu ɗaya ke bugu uku a daidai lokacin da ɗayan ke biyu: hannu ɗaya a gwiwa, ɗaya a murfin fiyano, kafin a je ga maɓalli.

Kuma ina mamakin yadda ba wanda ya ambaci marubutan Afirka. Akin Euba, wanda ya rasu a 2020, ya daɗe yana kira da a rubuta wa fiyano kiɗan da ke tunani irin na ganga da sauran kayan bugu, ya kuma rubuta nasa. Kwabena Nketia na Gana yana da guda 12 da ya tsara musamman don koyarwa. Joshua Uzoigwe yana da Talking Drums, wannan sai ɗalibi ya yi nisa. William Chapman Nyaho ya tattara irin waɗannan ayyuka na Afirka da na 'yan asalinta da ke wasu nahiyoyi a littafi biyar, an jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya, na farkon ya dace da yarinyarki. Amfaninsu a nan shi ne sautukan ba sa tayar wa iyaye hankali, amma bugun yana horar da hannu biyu su rabu, kowanne da tafiyarsa. Ligeti kansa, da ya zo rubuta manyan kiɗe-kiɗensa na horon hannu daga 1985, ya faɗa cewa ya ɗauki darasi daga kiɗan Afirka ta Tsakiya da Simha Arom ya naɗa.

Da na ambaci Ligeti, ga wasan da nake so. Kiɗa na farko a Musica ricercata, wanda ya rubuta a farkon shekarun 1950, kusan dukkansa A ce kaɗai a wurare daban-daban na fiyano, sai a ƙarshe D ta shigo. Ya fi ƙarfin hannun yaro, amma ina sa su saurara, sannan in ce kowa ya je ya tsaro mini nasa da sauti ɗaya tak. Abin da suke dawowa da shi yana ba ni mamaki. Wanda ya tsara nasa ba ya sake cewa an yi kuskure a littafi.

Malam Sikel, tsoronka gaskiya ne, amma laifin na malami ne da bai koyi kiɗan ba kafin ya bayar. In ba zan iya kaɗa shi in kuma gane yatsan da ya zame ina juya baya ba, ba na ba wa ɗalibi. Ina naɗar su a waya, mu zauna da takarda mu bi layi-layi. Tsananin da ake yi a Mozart shi za a yi a nan.

Malama_Fiyano ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na gwada na maɓalli biyun nan. Ta daɗe tana saurare, sannan ta ce a ƙasa kamar gurnani yake, a sama kuma kamar ƙyalli. Da kanta ta shiga neman wurin da ya fi yi mata daɗi. Mun koma littafi na 2 kamar yadda kuka ce, kuma ban ce mata komai game da lamba 107 ba, na bar shi sai ta tambaya. Yaron kuwa na ware masa minti biyar na farkon darasi don tafin hannu, da sharaɗin duk abin da ya buga da ƙarfi sai ya maimaita shi a hankali. Abin da na lura shi ne bayan nan yakan zauna ya yi aikin yatsu ba tare da mutsu-mutsu ba.

Malam Sikel, maganar sakaci ta shige ni, zan riƙa naɗa kamar yadda Ummu Amo ta ce. Amma a kan jira sai ƙa'ida ta zauna, ina tare da Baba. Yarinyar nan ita ce shaidata: ƙa'idar ta zauna daram, ita ce kuma ta sa ta ɗauki fensir.

Saura biyu. Har yanzu ban san me zan ce wa mahaifiyarta ba. Sannan na ji Aeolian Harp na Henry Cowell, na 1923, wanda ake danne maɓallai shiru a shafi tsirkiyoyi da yatsa daga ciki. Ina sha'awar nuna musu, har da ɗan abin da John Cage ya yi na cusa abubuwa tsakanin tsirkiyoyi. Akwai haɗari ga fiyanon?

Dattijo_Mai_Kiɗa ya amsa:

Kada ki yi mata dogon bayani a waya. Gayyace ta ta zauna a ƙarshen darasi. Yarinyar ta fara kaɗa Clementi, uwar ta ji da kunnenta cewa ba abin da ya ɓace. Sannan ki bar yarinyar da bakinta ta nuna mata maɓalli biyun nan ta faɗi abin da take ji. Ki kuma gaya mata tun da wuri cewa a kowane zango za a riƙa yin ɗaya na da, ɗaya na yanzu, don kada ta ji abin a gida ta ɗauka ɓata aka yi. In tana son wanda zai kwanta mata a rai, akwai Für Alina na Arvo Pärt, na 1976. Sautukansa kaɗan ne, yarinyar za ta karance shi a zama ɗaya, amma riƙe tafiyarsa da daidaita hannu biyu zai ba ta aiki na makonni.

Mai_Gyaran_Fiyano ya amsa:

Hajiya, wannan ɓangarena ne, bari in sa baki.

Na Cowell ba matsala in fiyanonki mai kwanciya ne. A wanke hannu a shanya sosai tukuna, domin gumi da maiƙon yatsa ne ke sa tsirkiya tsatsa, musamman na ƙasa masu naɗin jan ƙarfe, waɗanda in sun yi datti sautinsu ke dushewa. A shafa da tsokar yatsa, a cire zobe da agogo. Babban abin kiyayewa shi ne 'yan madannan nan masu laushi da ke kwance a kan tsirkiyoyi suna kashe sauti. Hannun riga kaɗai in ya kama ɗaya ya lanƙwasa wayarsa, wannan maɓallin ba zai ƙara yin shiru daidai ba sai an kira irinmu. In na tsaye ne fiyanon, ki haƙura da wannan kiɗan, domin injin gudumomin ya tare gaban tsirkiyoyin.

Na Cage kuwa a yi hattara. A Sonatas and Interludes, wanda ya rubuta daga 1946 zuwa 1948, sauti 45 ake shiryawa da kusoshi masu zare da noti da roba, shirin kaɗai yana cin awa biyu zuwa uku, kuma masu yi sun san aikinsu. Tsirkiyoyin fiyano sun haura 200, jan da suke yi gaba ɗaya ya kai wajen tan 18. Ba wurin da za a bar yaro da ƙarfe ba ne. Don darasi, roba mai goge fensir da aka yanka siriri ta isa, ko ɗan tsumma mai kauri, ko takarda a shimfiɗa a kan tsirkiyoyin tsakiya. Ki taka fedar dama kafin ki sa ko ki cire komai, don madannan su ɗaga. Ki sa abin a inda tsirkiya uku ke ba da sauti ɗaya, nesa da madannan da kuma inda guduma ke bugu, kada ki tura da ƙarfi, kuma ki cire da an gama darasi. In fiyanon na makaranta ne ko na haya, a nemi izini tukuna. Ranar da za ki fara, ki daidaita da zuwan mai saita miki sauti, ya tsaya kusa ya nuna miki wuraren da hannu zai iya shiga.